Kurakuran da aka fi yi kan manyan lambobin firam

Lambar firam dai ita ce wadda ta haura 1 kuma babu mai raba ta cif sai 1 da ita kanta, irin su 7, 13, 97. A ƙanana ba matsala, amma da an hau manya sai kaga mutane sun koma canke.

Wani da ya ga lamba ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9 sai yace ai firam ce. Eh, duk firam da ta wuce 5 haka take ƙarewa, amma 91 fa? 7 sau 13 ne. Gyaran shine ka gwada rabawa, kuma ba sai ka bi duk lambobi ba, firam kawai zaka gwada, ka tsaya da zarar ninkin lamba da kanta ya wuce wadda kake bincike. A 97, da ka gwada 2, 3, 5, 7 ka gama, tunda 11 sau 11 ya kai 121.

Wanda yafi damuna shine na lambobin Mersenne, wato ka jera 2 sau kaza ka ninka su ka cire 1, mutane sun ji cewa yawancin manyan firam da aka gano wannan sigar ce dasu, shikenan sai su ɗauka in dai yawan 2 ɗin da aka jera lambar firam ce toh amsar ma dole firam ce. Da 2, 3, 5, 7 abin yana tafiya daidai, ka samu 3, 7, 31, 127, har ranka ya kwanta. Ka zo kan 11 sai ka samu 2047, wanda 23 sau 89 ne. Dan Allah ka ɗauki biro ka ninka da kanka ka gani. Shi yasa masu neman irin waɗannan lambobi sai sun tabbatar firam ce ta wani gwajin lissafi mai suna Lucas-Lehmer kafin su yi shela.

Hujjar Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, wadda ta nuna firam basa ƙarewa, ita ma ana karkatar da ita. Bai ce in ka ninka firam ka ƙara 1 kullum firam zaka samu ba. Ninka 2, 3, 5, 7, 11, 13 ka ƙara 1, ya baka 30031, shi kuma 59 sau 509 ne. Abinda hujjar ta nuna shine dole a samu wata firam da bata cikin jerinka, kaga 59 da 509 duk sababbi ne.

Don haka a daina cewa "firam mafi girma a duniya", babu ita, basa ƙarewa. Wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ta shirin GIMPS na masu neman firam ɗin Mersenne da kwamfuta, wato 2 a jere sau 136,279,841 a ninka a cire 1, mai alƙaluma 41,024,320, mafi girma ce da aka sani a lokacin, kuma tsakaninta da wadda aka gano a 2018 akwai firam birjik da babu wanda ya taɓa rubuta su.