Yadda za ka tantance labarin mayaƙa mata na Kurdawa kafin ka yaɗa shi

Tun daga shekarar 2014, lokacin da mayaƙan ƙungiyar IS masu iƙirarin jihadi suka yi wa garin Kobani da ke arewacin Siriya ƙawanya, hoton Bakurdiya sanye da kaki, gashinta a kitse, bindiga rataye a kafaɗa, ya karaɗe duniya. Har yau yakan faɗo a Facebook da WhatsApp, kuma sau da yawa bayanin da ke ƙarƙashinsa bai dace da shi ba. Matan nan sun zubar da jininsu da gaske, shi ya sa nake ganin haƙƙinsu ne a ba da labarinsu yadda yake.

Fara da tambayar ƙasar da aka ɗauki hoton. Kurdawa ba su da ƙasar kansu, sun rarrabu ne tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya, tun bayan da yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta tabbatar da iyakokin Turkiyya ba tare da an ware musu ko taku ɗaya ba. Kowane yanki da nasa ƙungiyoyin, waɗansu ma ba sa ga maciji da juna.

Daga nan sai ka ƙura wa kakin ido, domin shi ne zai faɗa maka abin da mai sharhi ya ɓoye. Idan ka ga koren tambari mai kusurwa uku da jan tauraro a tsakiya, to rundunar YPJ ce ta arewacin Siriya, wadda aka kafa a 2013, mata zalla. Idan kuwa tutar da ke damtsenta ja ce da fari da kore, da rana ruwan ɗorawa a tsakiya, galibi 'yar Peshmerga ce, wato dakarun yankin Kurdawa na Iraƙi, inda aka kafa rundunar mata a birnin Sulaimaniyya tun 1996. Wadda ka gani a kan duwatsu da wando mai faɗi da ɗamara naɗe a ƙugu, mai yiwuwa 'yar PKK ce, ƙungiyar da Abdullah Ocalan da abokansa suka kafa a 1978, ta kuma ɗauki makami a kan gwamnatin Turkiyya a 1984. Cikin waɗanda suka kafa ta har da mace, Sakine Cansiz, wadda aka harbe a Paris a Janairun 2013.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai sun sanya PKK cikin jerin 'yan ta'adda, amma Amurkar ce ta haɗa kai da rundunar SDF, gamayyar dakarun Siriya ƙarƙashin jagorancin Kurdawa wadda ta haɗa da YPJ, wajen yaƙar IS, alhali Turkiyya na ganin PKK da SDF duk kanwar ja ce. Saboda haka, kafin ka ari kalmar "'yan ta'adda" ko "'yan gwagwarmaya", duba daga wane birni aka rubuto labarin.

Ka yi hattara da labarin da ya cika daɗi. A Oktoban 2014 an yi ta yaɗa hoton wata mai murmushi da aka kira Rehana, ana cewa ta kashe mayaƙan IS ɗari ita kaɗai, daga baya kuma aka ce an fille mata kai, alhali babu wanda ya kawo hujjar ko ɗaya daga cikin biyun. Haka kuma, da aka kashe wata mayaƙiyar YPJ, Asia Ramazan Antar, a 2016, jaridun Turai sun shagala da kyawun fuskarta, abin da ya ɓata wa abokan yaƙinta rai ƙwarai. Idan jarumta kake nema, akwai wadda aka tabbatar: Rojda Felat tana cikin kwamandojin da suka jagoranci farmakin da ya ƙwato birnin Raƙƙa na Siriya daga hannun IS a Oktoban 2017.

Kada kuma ƙauna ta rufe maka ido. Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Human Rights Watch sun tattara shaidar ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 18 aikin soja, har da 'yan mata, kuma ko da SDF ta sanya hannu a kan alƙawarin daina hakan a 2019, rahotannin ba su yanke ba. Iyayen waɗannan yara su ma Kurdawa ne, kukansu kuma yana cikin labarin.

Sannan ka duba shekarar hoton, domin ruwa ya gudana a ƙarƙashin gada. A watan Mayun 2025 PKK ta sanar da rusa kanta, a watan Yuli kuma mayaƙanta 30, rabinsu mata, ƙarƙashin jagorancin Bese Hozat, suka jefa bindigoginsu cikin wani ƙaton kasko kusa da Sulaimaniyya, aka cinna musu wuta.