Yadda Ake Lissafa Nisa da Lokacin Tafiya a Jirgin Sama Daga Damagaram Zuwa Agadas

Ta mota, idan an bi Tanut da Adarbisanat, tsakanin Damagaram da Agadas kusan kilomita 450 ne. Jirgin sama ba ruwansa da kwanar hanya, don haka da miƙaƙƙen layi ake auna nisansa.

Fara da neman wurin da kowane fili yake a taswira. Filin Damagaram yana kan digiri 13.78 arewa da 8.98 gabas. Na Agadas, mai sunan Mano Dayak, yana kan 16.97 arewa da 8.00 gabas. Tazarar kudu da arewa digiri 3.19 ce, kowane digiri kuma kilomita 111 ne, ka samu 354. Tazarar gabas da yamma 0.98 ce, amma a wannan yankin digirin gabas bai wuce kilomita 107 ba, domin layukan taswira da suka miƙe daga kudu zuwa arewa suna matsewa idan ana nufar arewa. Wannan ya ba da 105. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ninka da 111 duka biyun. Don samun tsawon miƙaƙƙen layin, ninka 354 da kansa, 105 ma haka, haɗa su, ka cire tushen jimlar, wato ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Amsa: kimanin kilomita 370, wato mil 200 na teku, ma'aunin da matuƙa ke amfani da shi. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne.

Lokaci kuwa ya danganta da irin jirgin. Ƙaramin Cessna Caravan mai farfela ɗaya yakan yi kusan mil 160 na teku a awa, ya cinye nisan cikin minti 75. ATR 72 mai farfela biyu yana kaiwa mil 270, wajen minti 45 ke nan. Kada ka tsaya a kan wannan adadin. Jirgi ba ya gudunsa na sosai yayin hawa da sauka, ga kuma gungurawa a ƙasa kafin tashi da bayan dira. Ƙara minti 15 zuwa 20. A gajeriyar tafiya irin wannan, ƙarin yana da nauyi ƙwarai, shi ya sa jirgi mai gudu ba ya rage lokaci yadda ake zato.

Sai iska. Mai zuwa Agadas yana fuskantar arewa ne, ya ɗan karkata yamma. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗowa. Idan tana gudun mil 20 a awa, kusan rabinta ne ke tare jirgin ta gaba: Caravan ya koma 150, tafiya ta zama minti 80, dawowa kuma wajen 70.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe fili har matuƙi ya kasa hango titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a karkata zuwa wani fili. Dole man jirgi ya isa kaiwa wancan filin, da ragowar aƙalla ta minti 30. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sakayau, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Shi ya sa akan rage kaya ko a tashi da sassafe. Da damina, hadari ya fi tasowa da yamma, kuma kewaye shi kan ƙara nisa.

Duba agogon da aka rubuta jadawali da shi. Takardun matuƙa da lokacin UTC suke, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Nijar kuma tana gaba da awa ɗaya, don haka 07:00 a agogon UTC ƙarfe takwas ne na safe a Damagaram.