Yadda za ka riƙa sauya jerin waƙoƙin wasa ba tare da 'yan kallo sun ƙullace ka ba

Kafin ka ɗauki biro, tambayi kanka wa zai tsaya a gabanka daren nan. Mutum iri biyu ne ke sayen tikiti. Akwai wanda ya daɗe yana tara kuɗi, yau ce rana ta farko da zai gan ku ido da ido, wataƙila kuma ta ƙarshe. Shi waƙar da ya san ku da ita yake jira, in ba ku yi ta ba zai koma gida yana cewa an cuce shi. Akwai kuma ɗan gani-kashe-ni, wanda ya kalle ku jiya, gobe ma yana nan. Wannan da ya ji kun fara da abin da kuka fara da shi jiya sai ya tafi sayen ruwa. Ni jita nake kaɗawa a wata ƙaramar ƙungiya a Yamai, ni ne kuma mai rubuta takardar jerin waƙoƙi da ake mannawa a ƙasa, kuma waɗannan mutum biyun ne ke raina duk lokacin da na zauna rubutawa.

Manyan makaɗan rok na Amurka da Ingila sun riga mu shan wannan rigima. Grateful Dead, daga 1965 zuwa 1995, sun yi wasa sama da 2,300 suna sauya jeri kusan kowane dare, har suka ware wa masu naɗar sauti wurinsu a cikin taro. Shi ya sa masoyansu suka riƙa bin su gari zuwa gari. Phish a 2017 sun yi dare 13 a zauren Madison Square Garden da ke New York ba su maimaita waƙa ko ɗaya ba. Metallica kuwa a zagayen da suka fara a Amsterdam a 2023 dare biyu suke yi a gari, abin da aka ji a na farko ba a jin sa a na biyu. Amma ka lura, sun sanar tun wajen sayar da tikiti. Wanda ya zo ya san abin da ya saya.

To ga yadda nake yi. Nakan kafa waƙoƙi huɗu ko biyar da ba sa motsi: ta buɗewa, wadda aka fi sanin mu da ita, da biyu na rufewa. Su ne haƙƙin baƙon da ya zo sau ɗaya. Tsakiyar ita nake juyawa. Idan wasan na waƙa 15 ne, gurbi biyar ko shida sun isa ɗan gani-kashe-ni ya ji daren nan ba na jiya ba ne. Kada ka jera baƙin waƙoƙi uku a jere. Iron Maiden a 2006 sun kaɗa sabon faifansu gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wasu suka yaba musu ƙarfin hali, wasu da yawa suka yi ta gunaguni don tsofaffin waƙoƙi kaɗan suka samu. In su an yi musu haka, ina ga ni da kai? Sabuwa ɗaya, sananniya ɗaya, kamar yadda ake ba yaro magani da zuma.

Abin da masu kallo ba sa gani shi ne wahalar da ke bayan sauyin. Kowace waƙa da ɗaurin tsirkiyarta. Idan ka sa biyu masu ɗauri dabam kusa da juna kuma jitarka ɗaya ce, za ka sunkuya kana murɗa kunnuwan jita, dandamali ya yi tsit, wanda ke rawa ya huce ya ciro waya. Saboda haka nake haɗa masu ɗauri ɗaya wuri guda, inda dole sai an sauya kuwa mai waƙa ya cike gurbin da gaisuwa. Ka tuna da mai ganga ma, hannu ne da shi ba inji ba, masu sauri huɗu a jere sai ka ji kiɗan ya fara ja da baya. Manyan wasannin da ke da hotunan bango da fitilun da kwamfuta ke sarrafawa, wannan ne ya ɗaure su ga jeri ɗaya, ba lalaci ba kamar yadda masoya ke zargi.

Waƙar da ba ku yi atisayenta a makon ba, kada ta hau takarda, ko da wa ya roƙa. Mawaƙin Amurka Bruce Springsteen yakan karɓi kwalin da 'yan kallo suka rubuta sunan waƙa ya nuna wa makaɗansa su afka mata nan take, amma wasunsu tun shekarun 1970 suke tare da shi. Duk da haka a 2023, da ya tsaya kan jeri kusan ɗaya, masu bin sa kullum sai da suka yi ƙorafi. Ni abin da nake yi, a gefen takarda nakan ja layi in rubuta waƙa biyu na ko-ta-kwana. Idan taro ya yi sanyi, in ɗaga wa mai ganga yatsa ɗaya ko biyu, ya san wadda nake nufi.

Takardar kanta ka rubuta ta da baƙin alƙalamin maka, manyan baƙaƙe, don ja ɓacewa yake a ƙarƙashin jar fitila. Kowa da tasa, har mai kula da sauti, a manne da salatif don iska. A gidan biki duk wannan tsari ba ya aiki, can uwar amarya ce mai jeri.

Bayan an tashi kada ka yar da takardarka. Rubuta sunan gari da kwanan wata a bayanta, ka sa alama a kan waƙar da aka fi tashi rawa da wadda aka watse sayen ruwa. Ranar da za ku koma Maraɗi ko Damagaram, ita za ka fara dubawa, ka cire rabin tsakiyar da suka riga suka ji.