Lambar da Ake Murɗawa a Altimita: Inda Matuƙa da Jami'an Hasumiya Suka Fi Tuntuɓe

Altimitar jirgin sama ba ta san nisan ƙasa ba. Matsin iska take aunawa, ta mayar da shi ƙafa bisa lambar da matuƙi ya murɗa mata. In ya sa QNH, wato matsin iskar wurin a daidai saman teku, za ta nuna tsayi daga saman teku. QFE kuwa daga doron filin jirgi yake farawa. A can sama kowa na komawa kan 1013, domin jirage duka su yi awo da ma'auni ɗaya. Lambobin nan da hektofaskal ake auna su, ma'aunin matsin iska, kuma hektofaskal ɗaya kusan ƙafa 28 ne, don haka kuskuren lamba guda ba abin wasa ba ne.

Kuskuren da ya fi ban tsoro shi ne karɓar lamba daga baki ɗaya ba tare da an gwada ta da wata ba. Ranar 23 ga Mayu, 2022, wani Airbus A320 da ya taso daga Stockholm yana shirin sauka a filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwa da gajimare. Daga ƙasa aka ce masa 1011, alhali QNH 1001 ne. Matuƙan suka maimaita, suka murɗa. Goman nan ta sa jirgin yana tafiya kimanin ƙafa 280 ƙasa da inda suke zato. Na'urar ILS ta titin, wadda ke jagorantar jirgi zuwa sauka ta siginar rediyo, ba ta aiki ranar, saboda haka kwamfutar jirgin da altimitar ta dogara wajen zana gangaren sauka. Da ba su hango titi ba sai suka fasa sauka. Hukumar binciken haɗarin jirage ta Faransa, BEA, ta gano cewa ƙafa 6 ta rage su taɓa ƙasa, nesa da bakin titi da kusan kilomita ɗaya da rabi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Hasumiya ta faɗi 1001 daidai, matuƙi ya mayar da 1011, ba wanda ya ankara, suka sake zagayowa da lambar nan dai. Kunne abin da ya sa rai zai ji yake ji. Kuma duba tsayi da nisa a kan taswira ba ya tona wannan kuskure, domin da lambar bogi ake yin duban. Maganin sai an fita waje da ita: matuƙi ya rubuta QNH na sanarwar ATIS, bayanin yanayin fili da ake maimaitawa a rediyo, tun kafin gangarowa, in abin da jami'i ya faɗa ya saɓa, ya tambaya. Ya kuma sa ido kan altimitar rediyo, wadda ke auna nisan ƙasa kai tsaye, tana farkawa a ƙafa 2,500, ita ba ruwanta da matsin iska. Shi kuma jami'i, maimaitawar matuƙi saurarenta ake yi lamba-lamba, ba jira ake ya gama ba.

Akwai kuma rikicin inci da hektofaskal. Wanda ya saba da Amurka, inda ake auna matsin da inci, in ya ji "tara tara biyu" a Turai, hannunsa na iya sa 29.92, wato 1013. Tsakaninta da 992 kusan ƙafa 600 ne, kuma ta ɓangaren ƙasa. Shi ya sa a Birtaniya ake ƙara kalmar hektofaskal duk lokacin da lambar ta gaza 1000.

Mantuwa wajen sauyawa daga QNH zuwa 1013 ita ce ta kullum. Jirgi ya tashi da QNH 983, aka ba shi mataki na 80, wato ƙafa 8,000 a kan ma'aunin 1013, aka manta komawa 1013: zai haura da kusan ƙafa 840, tazarar da ke tsakanin jirage kuwa 1,000 ce. A ganina laifin nan ba na matuƙi kaɗai ba ne. Amurka da Kanada suna sauyawa a ƙafa 18,000, Ostareliya a 10,000, Jamus a 5,000, Holan a 3,000, sararin Landan a 6,000. Sauyi a ƙasa-ƙasa yana faɗowa daidai lokacin da ake naɗe fika-fikan tashi, ana canza tashar rediyo, ana juya akalar jirgi. An daɗe ana maganar daidaita shi a Turai a kan tsayi ɗaya mai nisa, har yau kowa da nasa. Kafin nan, kamfanoni da yawa kan umarci matuƙa su murɗa 1013 da zarar an ba su mataki, su biyun su faɗa da baki, su gwada altimitocinsu. A Landan, radar mai Mode S, tsarin da jirgi ke aiko wa ƙasa bayanansa ta cikinsa, tana karɓar lambar da aka sa a jirgi, ta gargaɗi jami'i in ta kauce.

Sanyi ma yana ruɗi ko da lambar daidai ce. Duk digiri 10 ƙasa da zafin da aka ɗauka a matsayin mizani, jirgi na ƙasa da abin da allo ke nunawa da kusan kashi 4 cikin 100. Ana ƙara gyaran daga jadawali, sannan a sanar da jami'i sabon tsayin, tunda shi da tsohon yake raba jirage.