Yadda za ka auna gem kafin ka ce wannan ya fi wancan

Gardamar gem dai ba ta ƙarewa, ko a gidan gem ko a majalisa, wannan ya ce Free Fire wasan yara ne wancan ya ce PUBG sai ɗan mai kuɗi, kowa na ɗaga murya alhali ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. In kana so ka ba gem maki da adalci to ka raba aikin gida biyu, me masu gem ɗin suka yi niyya, sannan ya aikin ya fito a hannunka.

Fara da niyya. Garena ta saki Free Fire a 2017, mutum 50 ne a fili, wasa kan ƙare cikin minti goma ko kusa da haka, kuma tun farko don ƙananan wayoyi masu ram (ma'ajiyar da waya ke aiki da ita) kaɗan aka gina shi. PUBG Mobile kuwa 2018 ya fito, mutum 100, taswira makekiya, wasa ɗaya na iya cin rabin awa. In ka kayar da Free Fire don girafik ɗinsa bai kai na PUBG ba, tamkar ka zagi keke napep ne don bai ɗau kayan tirela ba. Abin dubawa shi ne, a ɗan gajeren lokacin nan ya sa gabanka faɗuwa? Ya yi gudu a wayar da aka yi shi dominta? Haka Minecraft na kamfanin Mojang, komai bulo bulo kamar zanen yaro amma da gangan ne, kuma ya sayar da sama da kwafi miliyan 300.

Wahala ma niyya ce wani lokacin. Elden Ring na 2022 an yi shi ne ka mutu ka sake mutuwa har ka koya. Gwajin mai sauƙi ne, in aka kashe ka, ka san dalili? In ka san kai ne ka yi garaje to tsarin gem ɗin na aiki. In kuma ka danna fad, wato abin sarrafa wasan, bai amsa ba, ko kyamara ta juya ta shige bango, wannan ba wahala ba ce, aibu ne, ka rubuta shi a ɓangaren inganci.

To ɓangaren inganci, a nan sai ka yi haƙuri. Waya ɗaya, saiti ɗaya, kar ka gwada wannan a PS5 wancan a tsohuwar Infinix ka zo kana yanke hukunci. Duba adadin hotunan da yake nunawa a sakan guda, yawanci 30 ko 60 ne, kuma wallahi 30 da ta tsaya cak ta fi 60 da ke zubewa duk sanda aka kaure da harbi. Kar ka tsaya a minti biyar na farko, ka yi a ƙalla rabin awa, domin sai waya ta ɗau zafi take rage gudu da kanta, a nan sandarewa ke bayyana, balle a zafin Afrilu. Leƙa batir kafin ka fara da bayan ka gama. Duba girman gem ɗin da yadda yake yawan neman afdet, mu da muke sayen data da gumi wannan ba ƙaramin abu ba ne. In yana tsinkewa kuma kar ka yi saurin zaginsa, shiga wajen atisaye ko wasan da ba ya bukatar intanet, in ya tafi sumul to netwok ɗinka ne.

Gem na canzawa bayan fitowa, shi ya sa dole ka rubuta watan da ka gwada da na'urar da ka yi amfani da ita. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 a lalace a kan PS4 har Sony mai PS4 ɗin ta cire shi daga shagonta na intanet, bai dawo ba sai Yuni 2021. eFootball 2022 ma haka, Satumba 2021 ya zo da fuskokin 'yan ƙwallo a murɗe har kamfanin Konami da ya yi shi ya ba da haƙuri. Wanda ya ba su maki a lokacin da wanda ya bayar yau kusan ba abu ɗaya suka buga ba.

Sai maganar kuɗi, gem na kyauta ka duba me dayamon ko UC, wato kuɗin cikin gem na Free Fire da PUBG, ke saya, in riga ce da ado ba laifi, in kuwa mai biya na samun ƙarfin da kai ba ka da shi sai ka zaftare masa maki a ɓangaren niyya.

Daga nan ka ba da maki biyu daban daban, kowanne cikin goma, kar ka haɗa su. Gem na iya cin tara a niyya ya ci huɗu a inganci, mai karatu da kansa zai san ya jira afdet ne ko ya sauke yanzu. Makin Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, ka duba shi amma ka tuna galibi a manyan na'urori suke gwaji. A Play Store kuma tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, karanta masu uku, musamman waɗanda suka ambaci irin wayarka.