Darasi na 9: Garin furen itatuwa da yadda yanayi ke yaɗa shi

Duk manomi ya san bununi, ƙurar nan mai ruwan ɗorawa da ke tashi daga kan gero idan ya yi fure. Itatuwa ma suna da nasu. Shi muke kira garin fure. Ƙwayarsa ɗaya ba ta kai kaurin silin gashi ba, amma idan ta shiga hancin wanda jikinsa bai jitu da ita ba, sai atishawa ta biyo a jere, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, majina fara kamar ruwa ta riƙa zuba. Mai ciwon fuka kuma ƙirjinsa ya cushe.

Kowane itace da lokacinsa. A ƙasar Maradi gawo yana fure bayan ɗaukewar damina, lokacin da ya sake ganye. Mangwaron garake na bakin Gulbi yana yi a cikin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. Dogon yaro, wanda ya cika titunan gari da tsakar gidaje, yana biyowa da shigowar bazara. Waɗannan ukun ƙudan zuma da ƙwari ne ke ɗaukar garinsu, saboda haka yana da nauyi da danƙo, yawancinsa a gindin itacen yake zuba. Wanda ya shimfiɗa tabarma a nan shi ke shaƙa. Dabino da ciyawa da gero kuwa iska suka dogara da ita: garinsu busasshe ne mara nauyi, yana tafiya nesa.

Raɓa da hantsi

Garin yana cikin ƴan jakunkuna a tsakiyar fure. Muddin akwai laima, jakar a rufe take. Da rana ta ɗaga, raɓa ta bushe, sai fatar jakar ta tsage, garin ya fito. Shi ya sa ya fi yawa daga hantsi zuwa azahar, a rana mai zafi da iska. Mai wannan lalura, idan da hali, ya yi aikin garka da sassafe tun raɓa ba ta kau ba.

Hunturu yana haɗa wahala biyu. Iskar arewa maso gabas tana zuwa a bushe, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Bushewar tana buɗe furanni da wuri, ƙurar kuma tana kankare cikin hanci har ya tsattsage. Hancin da ya riga ya ji rauni, garin fure kaɗan ya ishe shi.

Ruwa da hadari

A nan mutane suka fi kuskure. Yayyafi mai daɗewa yana wanke iska, bayansa numfashi yana sauƙi. Amma iskar nan mai ƙarfi da ke gaban hadari a farkon damina, ita ce abin tsoro. Tana kwashe garin da ya kwanta a ƙasa da kan rufi, laimar gajimare ta jiƙa ƙwayoyin su kumbura su fashe. Cikakkiyar ƙwaya a hanci take tsayawa. Ɓarɓashinta kuwa har cikin huhu yake wucewa. Haka ta faru a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya ranar 21 ga Nuwamba 2016: hadari ya taso lokacin furen ciyawa, dubban mutane suka cika asibitoci, goma suka rasu. Don Allah, mai fuka da ya ga gabas ta yi baƙi ya shiga ɗaki, ya rufe taga, ya ajiye maganin shaƙarsa kusa.

Abin yi a gida

A yayyafa ruwa kafin shara, domin tsintsiya a busasshiyar ƙasa tana maida garin sama. Kada a yi shanya a gindin itace mai fure. Wanda zai fita cikin iska ya rufe hanci da rawani, mayafi ko takunkumi, idan ya dawo ya kakkaɓe tufa a waje, ya wanke fuska.

Ga ruwan wanke hanci: rabin lita na ruwa, a tafasa, a bari ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe. A shaƙa kaɗan daga tafin hannu mai tsabta, a fyace, safe da yamma. Gishiri in ya yi yawa yana zafi, ruwan rijiya ɗanye kuma yana iya kai cuta. Ruwan da ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Mura tana zuwa da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, ta wuce cikin kamar mako guda. Ciwon garin fure kuwa ba zazzaɓi, yana ɗaukar makonni, kuma kowace shekara a wata ɗaya yake dawowa. Kafso irin su amoksisilin ba su yi masa kome, asarar kuɗi ce. A je gidan likita a faɗi watan da abin ke tashi. Wasu ƙwayoyin atishawa suna sa barci, don haka ɗan kabu-kabu da direba su gaya wa likita sana'arsu. Idan numfashi yana fita da ƙara kamar fito, ko mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Aiki: rubuta sunayen itatuwa uku da ke kusa da ɗakin kwananka ko kwananki, da watan da kowanne ke fure.