Yadda Ake Shirya Faifai Ɗaya Don Adana Hotuna Daga Windows, Mac da Linux

Da farko, a sami faifan ajiya na waje, a kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa wani wuri, domin sake tsara faifai yana share komai.

Mataki na biyu shi ne zaɓen tsarin fayil, wato salon da faifai ke bi wajen ajiye fayiloli, kuma a nan aka fi yin kuskure. NTFS na Windows ne. Mac yana buɗe abin da ke cikinsa, amma ba ya ajiye sabon abu a kai sai da ƙarin manhaja. APFS na Apple kuwa, Windows ba ya gane shi sam. FAT32 ya tsufa, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, abin da dogon bidiyon waya kan zarce cikin sauƙi. Wanda ya fi dacewa shi ne exFAT, tunda Windows da Mac suna aiki da shi, kuma an saka shi cikin ainihin manhajar Linux tun 2019.

A Windows, a danna maɓallin dama na mouse a kan faifan, a zaɓi Format, sannan exFAT. A Mac, ana yin haka ne a manhajar Disk Utility, ta maɓallin Erase.

Daga nan sai a buɗe folda ga kowace shekara, a kwafi hotunan maimakon a ɗauke su daga kwamfutar, domin su kasance wuri biyu. A buɗe kaɗan daga ciki a tabbatar sun fito lafiya.

Kada a fizge faifan da an gama. A danna Eject tukuna, saboda exFAT yana saurin lalacewa idan aka cire shi ana tsakiyar kwafi.